Tambayi Hajiya Malama: A kwashe littattafan lakol, ko a cinna musu wuta?

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe. Ya gida, ya ƙoƙari? Ni tela ne a unguwar Zango, nan Zinder. Bokona bai yi nisa ba, amma iyayen yara sun sa ni cikin kwamitin kwalejin da ɗiyata take. Shekarunta 12, bana ta shiga siziyam, ajin farko na kwaleji. Kwanan baya uwarta tana kakkaɓe shimfiɗa sai ta ga wani littafin Faransanci a ƙarƙashin matashin kanta, da hatimin lakol, wato makarantarsu, a jikinsa. Hoton bangon ne ya tayar mata da hankali, mace da namiji sun rungumi juna. Na kai wa ƙanena da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya buɗe tsakiya ya karanta shafi biyu, ya rufe ya ce, "Yaya, wannan bakina ba zai iya fassara maka ba." Ban dake ta ba, na dai karɓe littafin na kai wa direkta.

Da kwamiti ya zauna sai kawuna suka rabu. Wasu sun ce a kwashe duk wani littafin labari, na Faransanci da na Hausa 'yan Kano, a bar na darasi kaɗai. Wani dattijo ya ce a tara su a tsakar lakol a cinna musu wuta a gaban yara don ya zama izina. Mushen, wato malamin da ke riƙe da makullin ɗakin karatun, shi kuwa ya ce ba wanda zai taɓa ko ɗaya, wai ilimi ba a yi masa shinge. Ƙarshen wata za mu sake zama. Hajiya, ke kin koyar, kin kuma riƙe ɗakin karatu. Wane ɓangare zan bi?

Wani uba, Zango, Zinder

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya shirya mana zuri'a. Ka kyauta da ba ka ɗaga mata hannu ba. Yarinyar nan ba satar littafin ta yi ba, ba kuma saya ta yi a ɓoye ba. Lakol ce ta ba ta aro, aka rubuta sunanta a kaye, littafin rajista. In tuhuma za a yi, mu manya za a tuhuma, da muka jera shi inda hannunta zai kai.

Cikin ɓangarori ukun nan ba wanda zan ce ka bi. Littafin, yadda ka siffanta shi, ba na 'yar shekara 12 ba ne, a ɗauke shi daga gabanta yau, ba sai an jira ƙarshen wata ba. Amma kada ku share ɗakin karatun, kada kuma ku ƙyasta ashana.

Na san hanyar da irin littafin nan ke bi ya shigo, don na sha yanka igiyar kwalayen. Kyauta ce daga Turai, abin da mutane suka fitar daga gidajensu lokacin shara. Ka buɗe kwali ka ga ƙamus mai kyau wanda za ka yi wa Allah godiya a kansa, a ƙarƙashinsa littafin koyon wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, sai na girkin naman alade, sai tulin ƙananan littattafan soyayya da aka rubuta wa matan aure na can. Mushen da aka miƙa wa makulli yana da azuzuwansa cike maƙil, ga takardun jarrabawa na jiran gyara. Sai ya buga hatimi, ya sa lamba, ya jera su gwargwadon tsayi don kabad ya yi kyaun gani. Ba wanda ya karanta. Ba mugunta ba ce, sakaci ne, kuma sakaci yana gyaruwa.

Su kansu Faransawan ba sa ba yaransu duk abin da aka buga. Suna da doka tun 16 ga Yulin 1949 a kan littattafan da ake wallafawa don yara da matasa, kuma wanda aka buga a ƙarƙashinta za ka ga an ambaci dokar, mai lamba 49-956, da ƙananan haruffa a shafin farko ko na ƙarshe. Da yawa kuma akan rubuta shekarun da suka dace a bayan bango. Ka ce wa ƙanenka ya duba littafin ɗiyarka. Zan yi mamaki in ya sami layin nan. Wannan rariya ce ta farko kawai, don abin da Bafaranshe ya ga ya dace da ɗansa ba lallai ya dace da namu ba, amma tana rage aiki ƙwarai. Saboda haka maganar mushe cewa ilimi ba a yi masa shinge, ko a ƙasar da kwalayen suka fito ba a yarda da ita ba.

Mu ma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ka tuna zauren da ka yi karatu. Yaro yakan fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari, ya yi Ishmawi da Iziyya, kafin ya kai Risala. Ba malamin da zai miƙa wa ɗan Ahalari Muhtasar, kuma ba wanda ya taɓa cewa an haramta Muhtasar. Lokacinsa ne bai yi ba. Alƙur'ani kansa ya bambanta: a Suratun Nur, aya ta 58 da ta 59, yaran da ba su balaga ba an ce su nemi izinin shiga a lokuta uku, waɗanda suka balaga kuwa su nema kamar yadda manya ke nema. Kai tela ne, ka fi ni sanin cewa yadi ɗaya ake yanka wa amarya da ƙanwarta, awon ne ya bambanta.

To ga abin da nake so ka faɗa wa masu cewa a fitar da duk littafin da ya ambaci abin da ke tsakanin mace da namiji. Shehu Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya faɗa a gabatarwar Risala cewa don a koyar da yara aka nemi ya rubuta ta. Amma buɗe babin abin da ke wajabta alwala da wanka ka gani. Maziyyi, wadiyyi, maniyyi da launinsa da warinsa, jinin haila da na biƙi, duk an kira su da sunansu. Ina iya tuna malaminmu yana fassara wurin, mu 'yan mata kowa ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, shi kuwa ko muryarsa bai sauya ba har ya kai ƙarshen babi. In kuka kafa dokar "duk wanda ya ambata", Risala ce za ta fara faɗawa cikin ragar. Kada ka ɗauka wasa nake yi. A jihar Yuta ta Amurka an yi doka irin wannan, sai wani mahaifi ya kai ƙarar Baibul a ƙarƙashinta, a 2023 hukumar makarantun wata gunduma ta cire shi daga ɗakunan karatun ƙananan yara, aka yi ta cece-kuce har aka maido shi bayan 'yan makonni.

Abin dubawa shi ne yadda littafi ya kawo maganar da kuma dalilin kawo ta. Akwai wanda zai ba da labarin yarinyar da wani babba ya yaudara da kuɗin kashewa, mai karatu ta rufe littafin ta san irin mutumin da za ta guje wa. Akwai kuma wanda zai tsaya a cikin ɗakin kwana shafi bayan shafi, ba abin da yake nema sai tayar da sha'awa. Gwajin da nake yi ga littattafan kwaleji mai sauƙi ne: shin malama za ta iya karanta shafin da ƙarfi a gaban 'yan ajin, ta yi bayani, ba tare da ta rasa inda za ta sa fuskarta ba? Ƙanenka, namiji baligi, ya kasa karanta maka. Ka ga ba sai an yi dogon zama ba.

Littattafan Hausa 'yan Kano kuwa, a yi musu adalci. Akwai shirme a cikinsu, akwai waɗanda ba abin da ke ciki sai motoci da leshi da gidan sama. Amma da yawa mata ne suka rubuta su, a kan auren dole, zaman kishi, saki ba dalili, da yarinyar da aka cire daga lakol. Na san matan aure a Birni da Garin Malam da ba su ƙware a karatun boko ba sai ta dalilinsu. Sannan mu dubi inda muke. Alƙaluman UNICEF sun nuna kusan uku cikin huɗu na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. 'Yar turwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, da za a ce labarin auren dole ya fi ƙarfinta, wataƙila ƙawarta ta benci ɗaya tana ɗakin miji da goyo. Ita wannan, littafin bai girme ta ba. 'Yar siziyam kuwa a ɗan jira.

Maganar wuta. Ka gaishe mini da dattijon, na san kishin tarbiyya ne ya sa shi, amma ka tuna masa an gwada. A 2007 a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an ƙona littattafan hikaya na Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata. Ga kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i tana nan tun 2001. Rubutun ya tsaya? Bai tsaya ba. Littattafan suka ci gaba da ƙetare iyaka ta Maimujiya suna iso mu, daga baya ma suka bar takarda suka koma salula. Mu nan Zinder kuma ba ma buƙatar a ba mu labarin wuta. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, cikin fushin zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta yi wa fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta garin nan har da ɗakin karatunta. Zanen ya ƙona zuciyar kowane Musulmi, ni ma har da ni. Sai dai masu zanen suna Faris ba abin da ya taɓa su, ƙamus da littattafan lissafi da 'ya'yan talakawanmu ke shirin bak da su ne suka zama toka. Yaron da ya ga manya sun tara littattafai sun zuba fetur, darasin da zai ɗauka shi ne in abu ya ɓata maka rai ka nemi ashana. Ni ba na son a koya wa yaran Damagaram wannan karo na biyu.

Ai ma ƙonawar ba za ta kai inda cutar take ba. Ɗauki salular duk wata budurwa a unguwarku, da izinin uwarta, ka duba. Labarai ne ake turowa shafi-shafi a rukunonin WhatsApp, wasu sai an biya kuɗi ake shiga, wasu ana karanta su da murya a YouTube, ko wadda ba ta iya karatu ba ta sa abin kunne ta saurara. Babu hatimi, babu mushe, babu wanda ya tace. Cikinsu akwai abin da littafin da ka kama zai zama wasan yara a gabansa. Ɗakin karatun lakol shi ne wuri ɗaya tak da babba zai iya tsayawa tsakanin yaro da labari ya ce wannan yanzu, wancan sai baɗi. In kuka mayar da shi rumbun littattafan darasi, yara za su daina leƙawa, ku kuma kun rasa wurin tsayawar.

Ga abin da za ka kai wa kwamiti. Kada a yanke wa littafi hukunci da bango ko da shafi biyu, ko da kuwa a wannan karon shafi biyun sun faɗi gaskiya. Duk wanda aka yi ƙorafi a kansa, mutum biyu aƙalla su karanta shi daga farko har ƙarshe: malamin Faransanci ga na Faransanci, ga na Hausa kuwa a sa wata daga ƙungiyar iyaye mata da wani malamin addini mai haƙurin karatu. Ina nanata wannan saboda wata shari'a da aka yi a Amurka. A 1976 hukumar makarantun wata gunduma a jihar New York ta kwashe wasu littattafai bayan wasu mambobinta sun samo jerin sunaye da guntayen jimloli daga wani taro. Suka kafa kwamitin iyaye da malamai, kwamitin ya karanta ya ce a maido da wasu daga cikinsu, hukumar ta yi kunnen uwar shegu. Wani ɗalibi mai suna Steven Pico da 'yan uwansa ɗalibai suka kai ƙara, magana ta kai Kotun Ƙoli a 1982. Alƙalan sun rabu, biyar da huɗu, amma ra'ayin da ya yi fice shi ne ana iya cire littafi don batsa ta mamaye shi ko don bai dace da karatun yaran ba, ba a cire shi don kawai manya ba sa son ra'ayin da ke ciki. Dokarsu ba tamu ba ce, amma bambancin nan yana da amfani a gare mu. In ba a shata shi ba, yau batsa ce, gobe wani zai ce a cire wancan don marubucin Kirista ne, jibi don ya soki sarakuna ko gwamnati. Su can abin ya zame musu annoba: ƙungiyar marubuta ta PEN America ta ƙirga hana littafi sama da sau 10,000 a makarantun gwamnati a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, mafi yawa a jihohin Fulorida da Ayowa. Su suna da littattafan da za su yi wannan rigima a kai. Mu da ɗakin karatun kwaleji guda ba ya cika amalanken jaki, ba mu da na zubarwa.

Bayan an karanta, a raba gida uku. Na 'yan siziyam da sankiyam, azuzuwa biyu na farko, a kabad buɗaɗɗe. Na 'yan katriyam da turwaziyam a wani, sai an nuna katin aji. Na ukun a ofis, na malamai, a kulle. A ɗiga fenti a ƙashin bayan kowane littafi, kore, ɗorawa, ja, yadda ko wanda bai iya Faransanci ba, kamar kai, zai gane daga nesa in ya ga ɗiyarsa da shi. Wanda ko malaman ba su ga amfaninsa ba, a fitar da shi daga lakol salin-alin, ba ganga ba taron yara. Kowane hukunci a rubuta shi a kaye da dalilinsa da ranarsa da sa hannun waɗanda suka karanta, don direkta yana sauyawa, kwamiti yana sauyawa, kayen ne ke zama. Ku fara da kwalayen kyautar nan, nan matsalar ta fi yawa. Mushen kuma kada a wulaƙanta shi a gaban taro; shi zai yi rabin aikin, kuma mutumin da ke son littafi har ya yi faɗa a kansa ba a samunsa kullum.

Uba yana da haƙƙin ya ce ɗiyata kada a ba ta aron littafin labari sai na gani. A rubuta, a kiyaye masa. Abin da ba shi da haƙƙi shi ne ya yanke wa 'ya'yan sauran mutane.

Saura ita yarinyar. Kai kada ka yi mata maganar, kunya za ta rufe mata baki. Ka bar uwarta ko gwaggonta ta zauna da ita, ta tambaye ta me ta gane a ciki, ba da tsawa ba. Faransancin 'yar siziyam sau da yawa bai kai ya buɗe mata irin waɗannan shafuka ba. Mai yiwuwa bangon ne ya ja ta, ko wata ƙawa ce ta ce ta ɗauka. In ta gane, to ga ƙofar da uwa za ta yi mata bayanin da dama lokacinsa ya gabato. Sannan ka sa mushe ya zaɓo mata wani littafin a madadin wanda ka karɓe, cikin makon nan. Na koyar da azuzuwan da yara da yawa ba sa iya karanta sakin layi ɗaya ba tare da in'ina ba. Yarinyar da ke ɓoye littafi a ƙarƙashin matashi don ta karanta da dare, kada ka bari ta ɗauka karatun ne laifin.

Tambaya:

Mama, ina wuni? Ni ɗalibar tarminal D ce, ajin ƙarshe ɓangaren kimiyya, a wani lise (babbar sakandare) a nan Zinder. Littafin kimiyyar halittu da ke ɗakin karatunmu an manne shafukan babin haihuwa da gam, wai hotunan ba su dace ba. Babin nan kuwa yana cikin abin da za a tambaye mu a bak. Mun ji kunyar yin magana. Ya za mu yi?

Ɗiyarki, Sabon Gari, Zinder

Amsa:

Lafiya lau, ɗiyata, Allah ya ba da sa'a. Wanda ya shafa gam ɗin nan ya ɓata dukiyar lakol, ya kuma cuce ku. Zanen mahaifa da ƙwayayen haihuwa a littafin kimiyya, ga 'yan shekara 17 da 18 da ke shirin shiga makarantar likita ko ta ungozoma, ba batsa ba ne. Iyayen da ke cewa ba sa son namiji ya duba matansu a asibiti, daga cikinku za su samu likitocin matan da suke nema, kuma ba a zama likita da shafi a manne. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kuma a kan tambayar wankan haila ta faɗi haka.

Kada ki je ke kaɗai, kada kuma ku ɓamɓare shafukan da kanku, za su yage a ce ku kuka lalata. Ku haɗu ku uku ko huɗu da shugabar aji, ku sami malamin da ke koyar da darasin, ko wata malama in shi kuna jin nauyinsa, ku nuna littafin. Shi zai kai maganar gaba, don sakamakon bak ɗinku da sunansa ake kallo. Kafin a sayo wani, ku roƙe shi nasa kwafin, ku yi karo-karo a yi muku fotokofin babin.